Ko mai bi zai yi addu'a ga mala'iku?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka roƙi mala'ika Mika'ilu ya tsare ka. Mu 'yan cocin ECWA a nan Katsina ba ma yi. Duba Wahayin Yahaya 22:8-9: Yahaya ya faɗi gaban mala'ika zai yi masa sujada, mala'ikan ya hana shi, ya ce shi ma bawa ne, Allah ake yi wa sujada. Kolosiyawa 2:18 ma ta ja kunne a kan yi wa mala'iku sujada.

Maƙwabciyata 'yar Katolika, can Ƙofar Ƙaura, kullum safe takan roƙi mala'ikan da ke tsaron ɗanta kafin ya fita makaranta. Ta ce ba bauta ba ce, roƙo take ya taya ta addu'a. Ina ganin girmanta ƙwarai. Ni dai Uba nake kai wa kukana cikin sunan Yesu, shi ya aiko mala'ikunsa.