Ba inji kake buƙata ba, Alhaji, shebur kake buƙata

Wani ɗan kasuwa da ke zaune a Ajah, jihar Legas, ya aiko da wannan tambaya. Na taƙaita ta:

"Malam, ni Bakano ne, shekara goma sha ɗaya ina sayar da siminti da rodi a nan. Bara na ga yadda masu sababbin gidaje ke rububin shimfiɗa intalok, wato ƙananan bulo na siminti da ake jerawa a ƙasa, a harabarsu, sai na shiga harkar. Na ɗauko ɗan yayana da ya yi shekara huɗu yana wannan aiki a Kano. Ni nake ciniki, yawanci ta waya nake faɗin kuɗin murabba'in mita kamar yadda kowa ke yi, shi kuma ya yi aikin. Mun yi gida bakwai da rani. Damina na sauka uku suka lotsa, ruwa yana kwanciya inda mota ke bi. Ɗaya na karɓe shi a kan naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, gyaransa ya ci dubu ɗari tara daga aljihuna. Yaron ya ce intalok ɗin da muke sayowa ne ba shi da ƙwari. Ina so in sayar da filina na gida in sayi injin bugawa, in riƙa yin nawa. An ce cikin shekara guda kuɗina zai dawo ninki biyu."

Alhaji, kada ka sayar da filin nan. Na fara da wannan ne don ko ka gaji da karatu a hanya, ya zamana ka ji shi.

Yanzu ka sake duba abin da ka rubuta da hannunka. Cewa ka yi sun lotsa, ba ka ce sun farfashe ba. Intalok ɗin da aka yi wa rowar siminti ba ya ɓuya: fuskarsa zaizayewa take yi har tsakuwa ta leƙo, gefensa ya gutsuttsure, ya tsage ƙarƙashin taya. Wanda ya nutse kuwa lafiyarsa ƙalau, ƙasar da yake kwance a kai ce ta gudu ta bar shi. Ka je ɗaya daga cikin gidajen nan uku, ka ɗaga guda goma a inda taya ta yi rami, ka sa shebur ka haƙa. Na san abin da za ka tarar. Ɗan yashi, sai ƙasar da aka samu a wurin tun farko. Kun bar jaki kuna dukan taiki.

Kuma ban ɗora wa yaron laifin duka ba, don na ga inda ɓarnar ta faro. Tana cikin maganar da ka yi a wuce, kamar ba komai ba: kana yanke farashi ta waya. Ranar da ka faɗi kuɗin aiki ba ka taka filin ba, ranar aikin ya lalace. Abin da ka yi wa kuɗi shi ne abin da ido ke gani, wato intalok da yashi da ladan jerawa. Sai yaro ya isa wurin ya tarar da ƙasa mai ruwa, ga kuɗin da Baffa ya riga ya amsa, ba halin ƙari. Me kake so ya yi? Zai yanka aikin daidai kuɗin, kuma ba zai yanke daga sama inda mai gida ke gani ba. Daga ƙasa zai yanke. Mai gida ya zo ya ga jeri tsaf, launi ja da toka, ya yi murna ya biya ciko. Sai watan Yuni ya zo ya tona asirin kowa.

Kai mai sayar da kayan gini ne, lissafi ba baƙonka ba ne. Ɗauki haraba mai murabba'in mita 100 da ƙananan motoci za su riƙa shiga. Intalok mai kaurin santimita 6, yashin shimfiɗa santimita 3, ƙarƙashinsu fasasshen dutse haɗe da garinsa aƙalla santimita 15 bayan an daɓe. Ka ga haƙar santimita 24 ke nan, ƙasar da za a kwashe a fitar ta kai kubik mita 24 tun kafin ta kumbura a cikin tifa. Dutsen kaɗai kubik mita 15 ne, sama da tan 30. Intalok ɗin gaba ɗayansa bai wuce tan 14 ba. Wato abin da ake binnewa ya ninka abin da ake gani a nauyi. Ka buɗe littafinka, in akwai littafin, ka gaya mini tifa nawa ta dutse ta shiga gidajen nan bakwai. In amsar ita ce babu ko ɗaya, to huɗun da ba su lotsa ba ma ba gwaninta ba ce, lokacinsu ne bai yi ba.

Yaron ya koyi aiki a Kano, kuma a Kano ƙasa tana yafe kuskure da yawa. A wurare da dama ka share, ka zuba burji, ka daɓe, ka watsa yashi, aiki ya zauna shekaru. Ruwan 'yan watanni ne, ya sauka rana ta fito ta busar. Legas tana samun kusan ninki biyu na ruwan Kano, daga wajen Afrilu har Oktoba, sai ɗan sararin da akan samu a Agusta. Ƙasa ba ta gama bushewa wani ruwan ya sake sauka. Ga yankinku na Ajah da Lekki, rairayi ne da fadamar da aka cike, wani wurin ka haƙa ƙasa da mita guda ka ga ruwa yana tsattsafowa. Wani filin kuma da shara da ɓaraguzai aka cike shi aka rufe da yashi. Burjin da ke zama kamar dutse a Kano, in ya kwana cikin ruwa wata biyu laushi yake yi, taya ta murƙushe shi. Shi ya sa a irin wurarenku dutse ake so, a zuba shi hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 10, a bi shi da injin daɓe kafin a ƙara wani. Inda ƙasar ke da laka, akan fara shimfiɗa wani ƙyalle na musamman da ruwa ke ratsawa amma yake hana laka haɗiye dutsen. Duk wannan kuɗi ne, kuma ba a ganinsa ta waya.

Sai maganar inda ruwan zai tafi, wadda na tabbata ba a yi ta ba a gidan da ya ci maka dubu ɗari tara. Ruwan milimita 50, wanda Legas kan sha a dare ɗaya, lita 5,000 ne a kan harabar nan mai mita 100. In rufin gidan ya kai mita 200 kuma indararonsa a harabar yake zuba, ƙara lita 10,000. Kowace mita ɗaya ta tsawo tana son gangaren santimita 2, wato haraba mai tsawon mita 20 cikinta ya fi bakinta tudu da santimita 40. To idan kwatar titi ta fi gidan tudu fa? Gidaje nawa ne a Legas aka ɗaga titi aka bar su a rami? Irin wannan gida sai an yi masa lambatu a ciki da inda ruwan zai faɗa tukuna, kafin a yi zancen intalok. Bakin indararo kuwa a haɗa shi da bututu, don ruwan da ke dukan wuri ɗaya shi ke wanke yashin da ke tsakanin intalok, in yashin ya tafi jerin ya saki. Haka gefe: in ba a kafa dutsen gefe an ɗaure shi da kankare ba, jerin buɗewa zai yi ta yi a hankali duk lokacin da mota ta juya.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ka riƙa yi wa kowane mai gida: tankar ruwa tana shigowa? Mai kwashe sokawe fa? Tankar lita 10,000 ruwanta kaɗai tan 10 ne, ban da nauyin motar. In amsar eh ce, kauri ya koma santimita 8, dutsen ƙasa ya ƙaru, jerin kuma a yi irin na saƙa wanda kowane ɗaya ke tokare da ɗan'uwansa, ba layi miƙaƙƙe ba. In ya ce ba zai biya ba, a rubuta a takarda cewa babbar mota ba ta wuce get, ya sa hannu.

Na san wani bawan Allah a Fatakwal, inda ruwan ma ya fi na Legas, da ya yi irin tafiyarka. Mutum ne mai gaskiya, dillalin katako. Ya samu aikin gidaje goma sha biyu a rukuni ɗaya saboda farashinsa ya fi na kowa sauƙi, har ana taya shi murna. An riƙe masa wani kaso na kuɗin sai bayan damina. Damina ta wuce, kason bai fito ba, sai takardar lauya. Na je na gani da idona: intalok masu kyau, ko ɗaya bai fashe ba, amma harabar ta koma kamar kunyar dankali. Wanda aka kira ya gyara bai sayi sabo ko guda ba. Ɗaga su ya yi ya jibge a gefe, ya haƙa, ya zuba dutse, ya mayar da kayansu. Ya karɓi fiye da abin da abokin namu ya karɓa a aikin farko. Shi kuwa abokin namu motarsa ya sayar ya kashe maganar.

Mu dawo kan inji da zancen ninki biyu. Wa ya faɗa maka? In mai sayar da injin ne ko ɗan kamashonsa, ai ba zai ce maka akasin haka ba. Inji yana son fili, a Legas kuwa ka san kuɗin fili. Yana son wuta, wato janareta da man dizal. Yana son ruwan ban-ruwa na aƙalla mako guda, kuma kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28, ma'ana jarinka yana kwance a ƙasa wata guda kafin ya zama kuɗi. Kai da ke sayar da siminti ka fi ni tuna yadda buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024, mutane suka wayi gari kwangilar da suka karɓa ta zama bashi. Bayan duk wannan wahala, intalok ɗin da ka buga da hannunka a kan waccan ƙasar za a jera shi, ya nutse yadda na saye ya nutse. Sai dai a lokacin babu fili a Kano, babu kuma wanda za a ɗora wa laifi. Masu bugawa sun yi yawa, suna karya wa juna farashi. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mai aikin da ke cin damina uku bai motsa ba. Injin da ya kamace ka shi ne ƙaramin injin daɓe, shi ma ka fara da haya.

Sayen intalok ba shi da wuya ga wanda ya san siminti. Buhu mai kilo 50, in ana son abin kirki mai kaurin santimita 6, murabba'in mita biyu ne zuwa biyu da rabi. Wanda ya ce maka yana fitar da biyar, ka yi masa sallama. Ka tambayi ranar da aka buga, ka fasa ɗaya ka ga cikinsa, ka auna kaurin da kanka don ana sayar da mai santimita 5 da sunan 6. Kuma ka ja hankalin masu gida daga mai santsin nan mai sheƙi da ake zubawa a mazubin roba. A inuwar katanga, inda rana ba ta kaiwa, gansakuka kamawa take yi cikin damina ɗaya, tsohuwa ta taka ta zame, sunanka za a kira. Mai ɗan kaushi ya fi. Farin gishirin da kan fito a fuskar sabon intalok kuwa ba aibi ba ne, daga simintin yake, yakan tafi da kansa. Ka faɗa musu tun kafin su gani.

Game da ɗan yayanka, kada ka kore shi, hannunsa ya iya jeri. Amma zumunci ba ya auna zurfin rami. Ranar haƙa da ranar zuba dutse kai da kanka za ka tsaya, ka bar shagon wa yara. Ranar jeri kana iya zamanka. Kowane hawa a ɗora tef a ɗauki hoto a waya, a tura wa mai gida. Kowace tifa a rubuta ranarta da kuɗinta. Jingarsa kuma ka riƙe kashi ɗaya cikin goma sai aikin ya ga ruwa, ka gaya wa mahaifinsa wannan sharaɗi tun yanzu don kada maganar ta je gida a karkace.

Takardar farashinka ta rabu gida-gida: haƙa da kwashe ƙasa, dutse, magudanar ruwa, gefe, sannan intalok a ƙarshe. Za ka fi masu ba da farashi ta waya tsada, wasu ayyukan za su wuce ka. Bar su su wuce, lambarka dai ka bar wa mai gidan.

Gidaje biyun da suka rage cikin ukun, kada ka bari a yi musu kwaskwarimar ƙara yashi, kuɗin zai sake tafiya. A ɗaga, a haƙa, a zuba dutse, a mayar da intalok ɗinsu. Ka zauna da masu gidan ka nuna musu ramin, ka ce ladan aiki naka ne, kuɗin dutse nasu, tunda tun farko ba su biya shi ba. Wani zai yarda, wani zai yi faɗa. Sauran huɗun kuma kada ka jira kira. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka ɗauki lema ka zagaya su ruwan bai ɗauke ba, ka ga inda yake taruwa, ka sa alli ka zagaye wurin.