Yadda Ake Tsufar da Ƙaramin Tarago: Amsa ga Yarona

Yarona, Allah ya yi maka albarka. Na ga ƙaramin taragon da ka bari a kan teburin aiki jiya da yamma, na kuma karanta 'yar takardar da ka danne da gwangwanin fenti, inda ka ce: "Baba, na shafa masa baƙi da ja kamar yadda na ga kana yi, amma naka yakan fito kamar wanda ya shekara 20 yana dakon kwal, nawa kuwa kamar abin wasan yara da ya faɗa kwata. Ina kuskuren yake, kuma idan na gyara shi, a kan wane irin layi zan ɗora shi?" Na zaɓi in amsa maka a rubuce domin ka riƙa komawa kai duk lokacin da ka ɗauki buroshi.

Kuskurenka shi ne hannuna ka kalla, alhali ni kafin in buɗe fenti nakan yi kwanaki ina kallon hotunan taragon gaske. Duk tabon da ke jikin tarago akwai abin da ya kawo shi, kuma wanda bai san dalilin tabo ba, ba zai san inda zai sa shi ba.

Abin da ke hannunka kwaikwayo ne na taragon ƙarfe mai ɗaukar tan 16 na hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, wadda ta samu a 1948 lokacin da gwamnati ta karɓe manyan kamfanonin reluwe guda 4 ta haɗe su. An ƙera irinsa sama da 200,000, yawancinsu a shekarun 1950, kuma babban aikinsu a wancan zamanin shi ne a loda musu kwal a mahaƙa su kai tashoshin lantarki da masana'antu da wurin dillalai. Ba mai wanke su. Jikin na gasken tsawon ƙafa 16 da rabi ne, naka kuwa milimita 66, domin ma'aunin da ake kira OO yana mayar da kowace ƙafa milimita 4, wato kashi 1 cikin 76. Ruwan tokar da aka shafa masa alama ce cewa ba shi da birkin da direba ke iya kamawa daga kan jirgi, sai birkin hannu kawai. Masu wancan birkin launin jan ƙasa ake shafa musu. Farin layin da ya ratsa gefensa a karkace, bakinsa na sama yana nuna ɓangaren da ƙofar juye kaya take. Kai ka binne layin da lambar taragon gaba ɗaya a ƙarƙashin baƙin fenti, alhali a hotuna za ka ga ko tsatsa ta cinye jiki, ma'aikata sukan goge wurin lambar ko su sake masa fenti, saboda da ita ake bin lissafin kowane tarago.

Yanzu bi hanyar tsatsar da hankalinka. Jiƙaƙƙen kwal yana kwanciya a gindin tarago, ruwan da ke tsatsafowa daga gare shi yana da tsami saboda farar wutar da ke cikin kwal, don haka ƙarfen daga ciki yake fara lalacewa, kuma daga ƙasa. Shi ya sa ake yawan ganin an yanke ƙasan gefen tarago an yi masa waldar sabon faranti, wani lokaci ko fenti ba a shafa masa ba, sai ka ga rabin sama da guntayen ruwan toka, rabin ƙasa kuwa tsatsa zalla. Bakin sama yana shan duka daga injin lodi da shebur, nan ma fenti ke ɓarewa da wuri. Ƙofar gefe ƙasa take faɗowa in an buɗe, saboda haka gefunanta da marikanta ba sa rabuwa da ƙujewa. Ruwan sama kuma yana kwasar tsatsa daga kowane tabo ya ja ta ƙasa, ba ya taɓa jan ta a kwance, amma a taragonka na ga sawun buroshi daga hagu zuwa dama. Ƙarƙashin tarago, wanda kamfani ya saka maka shi baƙi wuluk, a zahiri launinsa tsakanin ƙasa-ƙasa da toka yake, domin ƙurar hanya da garin da birkin ƙarfe ke fitarwa su ne ke manne masa. Wurin da za ka bar sheƙi shi ne akwatin gatarin ƙafa, wato mazaunin bakin sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafu biyu, inda mai ke tsiyayewa.

Akwai kuma maganar nisa, wadda masu koyo da yawa ba sa kula da ita. Idan ka tsaya tazarar mita 1 daga taragonka, tamkar ka tsaya mita 76 ne daga na gaske. Tsaya a bakin titi ka dubi tirelar da ke can nesa, za ka ga iskar da ke tsakaninku ta kashe kaifin launinta, baƙin tayarta ya koma toka mai duhu, janta ya dushe. Don haka ban yarda a fito da baƙi ko ja daga gwangwani a shafa kai tsaye ba. Kullum ina sirka baƙi da ɗan ruwan ƙasa da ɗigon fari, tsatsa kuwa ina haɗa ta daga ruwan ƙasa mai duhu, domin tsohuwar tsatsa kusan launin hanta take. Mai ruwan lemon nan da ka cika wa jikinsa sabuwar tsatsa ce ta kwana biyu, wurinta ɗigo ne nan da can, ba fiye ba.

Ga yadda nake bi. Ina cire ƙafafun in ajiye, in wanke jikin da ruwan ɗumi da sabulu domin maiƙon hannu yana hana fenti kamawa, sannan in fesa masa fentin kariya marar launi kuma marar sheƙi, saboda ƙyallin roba shi ne abu na farko da ke tona asirin ƙaramin tarago. In ya bushe, sai in yago ɗan guntun soso wanda bai kai ƙwayar wake ba, in riƙe shi da hantsaki, in tsoma a fentin tsatsa mai duhu, in daddanna shi a takarda har sai abin da yake bari ya koma ɗige-ɗige kamar garin barkono. A lokacin ne kawai nake kai shi jikin tarago, kuma hoton na gaske yana jingine a gabana. Bayan kwana ɗaya sai in tsinka fenti sosai, kamar kashi 1 na fenti cikin 10 na abin tsinkawa, ya zama kamar ruwan shayi, in bar shi ya gangara cikin lunguna da gefen ƙarafan da suka tasa jiki, in bi da auduga a kan tsinke ina jan sa daga sama zuwa ƙasa. Daga nan sai buroshin da aka share a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa shi sama-sama da launi mai haske don kusurwoyi su fito. Garin alli mai launi shi ne na ƙarshe, kuma ka sani in ka sake fesa fentin kariya a kansa yana dusashe shi, saboda haka wani lokaci sai ka maimaita. Cikin taragon ba a yi masa ruwan toka. Tsatsa ce da baƙin garin kwal a kusurwoyi.

Ina ja maka kunne a kan abin tsinka fenti. Ina sabon hannu na taɓa tsoma buroshi a tinar masu fentin mota na shafa a gefen tarago, ina kallo robar ta yi laushi, kawunan ƙusoshin da aka zana suka narke, gefen ya yamutse kamar fatar da ta sha wuta, kuma ba yadda za a yi a gyara. Tun daga ranar, duk abin da ban saba da shi ba sai na gwada shi a ƙarƙashin tarago inda ido ba ya kaiwa. Fentin da ake tsinkawa da ruwa ya fi maka sauƙi a yanzu, sai dai a zafin nan namu yana bushewa kafin ka juya, don haka ka riƙa aiki da sassafe, ɗan wuri kaɗan a lokaci guda.

Kada kuma ka yi wa duk taraganka tsufa iri ɗaya. A jerin 10, bari ɗaya ya zama kamar jiya ya fito daga gyara, biyu ko uku sun kusa ƙarewa, sauran suna tsakani.

Sai maganar layi. Na san zuciyarka tana kan babban da'ira mai gada da ramin dutse, amma ba zan ba ka wannan shawarar ba, domin na ga irinsu da yawa an fara an bari sun zama matattarar ƙura. Taragon kwal gidansa farfajiyar jera kaya ce, kuma akwai wani tsari da Bature Alan Wright ya shahara da shi mai suna Inglenook, wanda katakon da bai wuce ƙafa 4 ko 5 a tsawo da ƙafa 1 a faɗi ba ya ishe shi. Rassa 3 ne: ɗaya yana ɗaukar tarago 5, biyu suna ɗaukar 3 kowanne, hanyar shigowa kuma tana ɗaukar kan jirgi da tarago 3. Da tarago 8 ake wasan, a zaɓi 5 ta hanyar ƙuri'a a ce ka jera su bi da bi, kuma jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. Wannan zai koya maka shimfiɗa layi da jan waya da tuƙi a hankali, ga shi kuma yana sa mai kallo ya matso kusa, inda aikin buroshinka zai bayyana.

Ka nemi filawud mai kaurin milimita 9 ka ɗaure shi a kan firam na busasshen katako, domin ɗanyen katako yana kumbura da damina ya motse da hunturu, layin kuwa ko ɗan karkata ya yi tarago zai sauka. A mahaɗar ƙarafa ka bar tsaga kamar kaurin kati saboda zafi yana miƙar da ƙarfe. Wutar da ke tafiyar da jirgin, wadda ba ta wuce bolt 12 ba, ta cikin ƙarafan take bi, don haka kowane guntun layi ka lika masa wayarsa da dalma, kada ka dogara da maɗaurin da ke haɗa su. Ka yi mako guda kana tuƙi a kan tsiraran layi, sai ka tabbata babu inda jirgi ke tsayawa ko tarago ke tuntuɓe kafin ka zuba tsakuwa, domin bayan gam ya kama gyara sai da ɓarna. Gefen ƙarfe ka shafa masa launin tsatsa, samansa kuwa ka goge nan take, haka ma bakin ƙafafun tarago. Farfajiyar kwal ba a shimfiɗa mata farar tsakuwa mai tsabta, toka ce da dakakken kwal da ƙasa. In za ka yi amfani da yashin gida, tankaɗe shi da rariya, ka bi ta cikinsa da maganaɗisu, za ka yi mamakin baƙin garin ƙarfen da zai manne. In ka bar shi, injin jirgin ne zai zuƙe shi. Ka daidaita shi a bushe da buroshi, ka fesa masa ruwa, sannan ka ɗiga farin gam na kafintoci da aka tsinka rabi da rabi da ruwa, da ɗigon sabulun ruwa don ya ratsa. Ka nisantar da gam daga harshen makarkatar layi, wato ƙarfen da ke motsi a wurin da layi ke rabuwa biyu.

Ka taɓa gaya mini burinka shi ne wata rana ka yi tashar Kano da taragan gyaɗa. Abin yana yiwuwa, amma sai ka sake lissafi. Layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, na Ingila kuwa 1,435, irin wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna. Idan za ka yi amfani da wannan ƙaramin layin da muke aiki da shi mai faɗin milimita 16.5, to taragan sai ka ƙera su da hannunka a ma'aunin kashi 1 cikin 64, kamar yadda masu wannan sana'a a Niyu Zilan suke yi tunda faɗin layinsu ɗaya da namu. In kuwa ka fi son 1 cikin 87, sai ka nemi layi mai milimita 12. Tsufan ma daban ne, domin a nan rana ce ke cin fenti har ya koɗe, jar ƙura ta kwanta a kowane lungu, damina ta zo ta zana mata sawu. Wannan sai ka je tasha da littafi da fensir, ka nemi izinin ma'aikatan reluwe, ka zauna gaban tarago ɗaya ka zana inda kowane tabo ya fara da inda ya ƙare.

Taragonka na jiya bai lalace ba, tunda fentin ruwa ka shafa kuma bai daɗe ba. Gobe da safe ka zo da tsohon buroshin haƙori da auduga, mu wanke shi har farin layin da lambar su fito. Ni zan yi gefe ɗaya kana kallon hoton, kai kuma ka yi ɗaya gefen.