Waya biyu iri ɗaya, ɗaya tana ɗaukar zafi: jabu ce?

TAMBAYA: Malam Injiniya, ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Wani kwastoma ya sayi waya biyu rana ɗaya, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Ɗayar tana ɗumi tana shan caji fiye da 'yar'uwarta, na buɗe ban ga komai ba. Jabu ce? Sannan kwanaki ina ɗaga wata aisi (ɗan guntun silikon mai ɗauke da da'irar lantarki), iska mai zafi ta kwashe min wata 'yar rizista (mai taƙaita gudun wuta) kusa da RAM (ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi). Na liƙa wata da na samu, sai wayar ta dinga mutuwa tana farfaɗowa. Me ya haɗa ɗan abu kamar ƙwayar gero da wannan?

AMSA: Ɗan'uwa, tambayoyinka biyu uwarsu ɗaya ce. Fara duba batir da manhajojin da ke gudu a ɓoye, don nan laifin ya fi zama. In duk lafiya lau kuma bambancin kaɗan ne, to ba lallai jabu ce ba.

Ka taɓa tsayawa gaban mai waina? Ƙullu ɗaya, ludayi ɗaya, tanda ɗaya, amma ta tsakiya ta yi ja yayin da ta gefe ba ta gama nuna ba. Haka masana'antar aisi take. A kan faifan silikon mai faɗin milimita 300 ake buga ɗaruruwan firosesa, wato ƙwaƙwalwar waya, lokaci guda, kuma zafi da iskar sinadarai ba sa sauka daidai a ko'ina. Wata firosesa ta fito da tiransistoci (ƙananan makunnan wuta da ke cikinta) masu sauri, wata masu nawa. Masu saurin su ne kuma suka fi yoyon wuta ko ba sa aikin komai, shi ya sa wayar da ke ɗumi tana iya zama mai lafiyayyar firosesa. Bayan an gama, kamfani yana gwada kowace, ya ware su daraja-daraja, ya kuma rubuta wa kowace a cikinta yawan wutar da za ta riƙa ci. Mai nawa a ƙara mata, mai sauri a rage.

Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke hana masu zane barci shi ne bambancin tiransistoci biyu da ke maƙwabtaka a aisi ɗaya. Ana barbaɗa wa silikon wasu ƙwayoyin zarra kamar gishiri. A tukunyar biki, ƙwaya biyar ta ƙaru ko ta ragu ba mai ji. A cokali ɗaya kuwa, miyar ta canza. Tiransistar yau cokalin ce. A 1989 Marcel Pelgrom na kamfanin Philips da abokan aikinsa suka nuna lissafin: in kana so ka rage wannan saɓani da rabi, sai ka ninka filin tiransistar sau huɗu.

To me zai hana a yi su manya a huta? Gudu. Babbar tiransista kamar babbar randa ce, tana jimawa kafin ta cika ko ta zube. A layin PCIe 5.0, hanyar da sassan kwamfuta ke musayar bayanai, ana tura bit (ɗaya ko sifili) biliyan 32 a daƙiƙa guda, wato kowanne yana da kimanin fikosakan 31 kacal (fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na daƙiƙa). Cikin wannan lokacin, sigina a kan fanel, wato allon da ake liƙa sassan na'ura, tafiyar kimanin milimita biyar kawai take yi. Randa ba ta da wuri a nan. Don haka masu zane suka haƙura da neman kamala daga masana'anta: a yi tiransistar ƙarama, a yarda za ta fito da karkata, a gina mata abin da zai auna karkatar ya miƙe ta. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau a fannin gaba ɗaya, kuma ita ce ba a faɗa a tallan waya.

Amma mai awo sai da mudun gaskiya, kuma nan rizistarka ta shigo. Rizistar da aka gina cikin silikon tana iya kaucewa sosai daga ƙimarta, don haka RAM irin su DDR3 da DDR4, da LPDDR4 ta waya, suna da ƙafa mai suna ZQ da ake ɗaura wa rizista ta waje mai om 240 (om shi ne ma'aunin rizista), wadda kuskurenta bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. A bakin kowace ƙafar fitar da bayanai akwai jerin ƙananan tiransistoci. Da an kunna waya, RAM za ta riƙa buɗe wasu tana rufe wasu har ƙarfinsu ya zo daidai da wannan rizistar. Ba sau ɗaya ba ne ma, ana maimaitawa lokaci-lokaci, domin awon da aka yi da asuba ba zai yi daidai ba da azahar ɗin watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano ke haura digiri 40 kuma wayar na kan allon mota.

In wadda iska ta kwashe ita ce ta ZQ, ka ba RAM mudun algus ne, ita kuwa ta auna da shi tsakaninta da Allah. Ƙarfin turawa ya kauce, sigina tana dukan ƙarshen layi tana dawowa, ɗaya na rikiɗewa sifili, wayar ta faɗi ta tashi. Duba zanen fanel ɗin ka tabbatar. Sai ka ciro irinta daga wannan gurbin a matacciyar fanel iri ɗaya, ka ɗora mita ka ga 240 kafin ka liƙa. Gobe in za ka hura iska kusa da RAM, rufe ƙananan nan da tef mai jure zafi tukuna.