Injiniyan Gine-gine Ko Na Lantarki?

Tambaya: Baba Injiniya, na gama sakandare, ina son karatun injiniya, amma na rasa wanda zan ɗauka tsakanin na gine-gine da na lantarki. Wanne ya fi kawo aiki? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Dukkansu shekara 5 ne a jami'a, ko a ABU Zariya ko a Bayero, kuma ajin farko kusan darasi ɗaya kuke yi: lissafi, fiziks da kimistiri. Bambancin yana bayyana ne a fagen aiki.

Ni na gine-gine ne. Rabin rayuwarmu a rana take, tsakanin siminti, rodi da leburori. Kafin a zuba kankare sai an gwada ƙasa, an lissafa nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, sannan a tsaya a kan magina kada su rage siminti, abin da ke rushe benaye ke nan. Aikin yana bin kwangila, kamar layin dogon Kano zuwa Maraɗi. Idan an gama, a koma wani gari.

Na lantarki kuwa yau kasuwarsa a buɗe take saboda sola. Wanda ya iya lissafin batir da inbata ba ya jiran gwamnati ta ɗauke shi.

Ko wanne kika zaɓa, wata 6 na SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke yi kafin su gama jami'a, ki yi su a wurin aiki na gaske, ba ofis ba. Bayan 'yan shekarun aiki ki nemi rajistar COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, domin sai da ita za ki sa hannu a zane.