Amsa ga ƙanina mai shirin zuwa Jamus: maganar akwatin nan na bakin ƙofa

Ƙanina barka da arziki, na ga saƙonka, Allah ya sa alheri a wannan admishan ɗin ya kuma sa a fito da biza lafiya. Ka tambayi abin da ya kamata ka fara saya in ka sauka, sannan ka haɗa da tsokana wai wane irin tsohon akwatin katako ne ka hango a bakin ƙofata a hoto, ko kayan miya nake sayarwa. Toh ai amsar tambayarka ta farko ce ka hango, akwatin wasiƙu ne, kuma shi nake so ka fara nema tun kafin tukunya.

Ka san mu a gida in ana nemanka waya za a buga ko a aiko yaro, gidan waya kuwa wani tunda aka haife shi bai taɓa shiga ba. Nan ba haka ba ne, ƙasar nan duk ci gabanta da takarda take magana da mutum. Cikin kwana 14 da tarewarka dole ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshi, Anmeldung, da takardar da mai gidan haya zai sa maka hannu, daga ranar kuma sai wasiƙu su fara zubowa. Lambar harajinka mai lambobi 11 ta gidan waya za ta zo, ita ce taka har abada, in ba ka kai wa wurin aiki ba sai su yanke maka haraji mafi tsada. Banki zai aiko kati a ambulan ɗaya, lambar sirri a wani ambulan daban wata ranar daban. Katin inshorar lafiya haka. Masu kuɗin rediyo da talabijin su ma za su gano ka, yuro 18.36 duk wata a kan kowane gida ko ba ka da talabijin, in kuna zaune ku uku a gida ɗaya mutum ɗaya ne zai biya ku raba, amma sai ka amsa musu da lambar wanda ke biya in ba haka ba su buɗe maka naka asusun. Ofishin baƙi kuma da wasiƙa yake cewa ka zo ka karɓi katin izinin zamanka.

Wani abu da ba a faɗa wa sababbin zuwa, yawancin gidaje nan babu lambar ɗaki a adireshi, da suna ake raba wasiƙa. Ran da ka tare ka liƙa sunanka a akwatin ƙarfe na ƙasan bene da jikin ƙararrawa, kuma sunan ƙarshe da ke fasfo, ba wanda ake kiranka da shi a unguwa ba. Mu Hausawa a nan muke samun matsala, wani sunan mahaifi ne a fasfonsa wani sunan garinsu ne, sai ya rubuta sunansa na yanka kawai, mai raba wasiƙa ya duba bai gani ba ya mayar da ita inda ta fito, kai kana zaune kana jiran katin banki sati da sati.

Yanzu shi akwatin. Ba sai ka saya sabo ba, kuɗin da asusun ajiyarka na bizar karatu zai riƙa sakar maka, yuro 992 a wata, haya da inshora sun cinye fiye da rabi. Mutanen nan suna fitar da kaya bakin titi su rubuta zu verschenken, duk mai so ya ɗauka kyauta, ga kasuwar gwanjo ta ƙarshen mako, ga manhajar Kleinanzeigen mai sashen kyauta guda. Amma tulin tsofaffin kujeru da katifu da aka jibge don motar shara ta zo ta kwashe, wannan ka yi hankali, a wasu garuruwan hukuma ba ta yarda a taɓa ba, in mai kayan na tsaye ka tambaye shi shikenan. Wanda ya fi yawa shi ne akwatin kwalaben giya, katakonsa mai kyau ne ba ƙarya, ni dai raina bai kwanta ba ace sunan kamfanin giya ne zai riƙa tarbar baƙina a bakin ƙofa, sai na ɗauki na tuffa. Tsohuwar durowa da aka zare daga kabad ita ma ta yi.

Kafin ka ɗauka ka juya shi ka duba gindinsa. In ka ga ƙananan huji kamar an soka allura, da garin katako fari-fari yana zuba in ka bubbuga, bar musu abinsu, ƙwaro na ciki kuma zai koma kan gadon mai gida. In yana warin ruma shi ma a'a. Wasu akwatunan da suka tsallako ƙasa suna da tambari a jiki, in ka ga HT da zafi aka gasa katakon, lafiya lau, in MB ne maganin ƙwari mai guba aka busa masa, kar ya shiga ɗakinka. Sai girma, takardar A4 faɗinta santimita 21 tsayinta 29.7, babban ambulan kuwa ya kai 32, toh ka je da farar takarda guda a aljihu ka gwada, in ba ta tsaya a miƙe ba sai an lanƙwasa nemi wani.

Aikin kansa ba ya buƙatar kafinta. Ka goge da tsumma mai ɗan danshi da ruwan khal, ka barshi ya bushe sosai kusa da hita, ka bi bakinsa da samfefa don kar sartse ya shige ka, duk ƙusar da ta leƙo ka danna ta da guduma. Shagunan kayan gini irin su OBI da Bauhaus in ka sayi siririn katako a wurinsu suna yanka maka daidai awon da ka kawo, guda biyu sun isa su raba akwatin gida uku, gam ɗin katako ya riƙe su. In ma babu kuɗin, kwali mai kauri ya yi aikin. Fenti kam ganin dama ne, ni mai kawai na shafa. Kuma kar ka ce sai ka rataya a bango, huda bangon haya rigima ce ran tashi a kan kuɗin ajiyar da ka ba mai gida, ga shi ranar Lahadi ba a bugun guduma ko kunna injin huda, maƙwabta za su ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ɗora shi kan teburin takalma inda kake ajiye makulli.

Inda mutane ke kuskure shi ne rabon gidajen. Sai ka ga an rubuta banki, makaranta, inshora, an jera tsaf gwanin sha'awa, amma wasiƙar da ke neman amsa cikin sati biyu tana kwance tare da ta bara. Ni da wa'adi nake rabawa. Gaba na abin da ke jiran amsa ko biya ne, kuma da na buɗe nake rubuta ranar ƙarshe da jan biro ɓaro-ɓaro a saman takardar. Tsakiya na wanda na amsa ina jiran su. Baya na wanda ya ƙare, in ya taru a huda a sa a fayil, kwantiragin haya, takardun albashi, rasit na makaranta, ran sabunta izinin zama duk za a iya neman su. Tallan kanti da na fiza kuwa kar su ma hau bene, kwandon takarda na nan ƙasa. Babu gidan wasiƙar da ba a buɗe ba, da gangan na hana shi wuri, don wallahi na ga yaranmu da tsoron Jamusanci ya sa suke tara ambulan a rufe cikin leda har bashin yuro ashirin ya haifi kuɗin tara, ya koma hannun kamfanin karɓar bashi, ya ɓata musu suna a Schufa, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane, gobe neman gida ya gagara. Ka buɗe, ka ɗora kamarar waya ta fassara maka, abin da ya shige maka duhu ka kai ofishin ɗaliban waje na jami'a.

Guda ɗaya ce ba ta kwana a akwatin ma, ambulan ruwan ɗorawa. Wannan daga kotu ko hukuma yake, mai kawowa yana rubuta kwanan wata a jikinsa, daga ranar lissafi ya fara ko ka gani ko ba ka gani ba, saboda haka ambulan ɗin kansa kar ka yar. In takardar neman bashi ce ta kotu sati biyu kake da shi ka ce ba ka yarda ba, kuma kotun ba ta bincika ko da gaske ana bin ka kafin ta aiko, shirunka ne zai tabbatar da shi. Hukuncin ofisoshi yawanci wata ɗaya ne, yana rubuce a ƙarshen takardar da ƙananan baƙaƙe.

In hutu ya zo za ka taho gida ganin su Hajiya, ka bar wa wanda ka yarda da shi makullin akwatin ƙasa, ya riƙa buɗewa duk sati yana turo maka hoto. In kuma tashi za ka yi daga gidan, gidan waya na da tsarin biyo ka da wasiƙunka sabon adireshi na wata shida, kuɗi ake biya, ka cika shi kamar sati guda kafin ranar tashin.