"Be rest assured" ko "rest assured", wanne ne daidai?

Tambaya: Malam barka da war haka. Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, wata kwastoma daga Legas ta turo kuɗi sai na rubuta mata a WhatsApp "be rest assured your goods are safe", yarona da ke jami'a ya gani ya ce wai kuskure ne, ni kuma haka nake ji kowa na faɗa. Waye mai gaskiya?

Amsa: Alhaji, yaron nan dai ya fi ka gaskiya, sai haƙuri. Daidai shi ne "rest assured" kawai, ba "be" a gabansa, ma'anarsa kuma ka kwantar da hankalinka, ko mu ce sha kuruminka.

Inda ake samun matsalar shi ne mutane sun ɗauka "rest" ɗin nan hutu ne, wato suna, shi ya sa suke ganin sai an jingina masa "be" kafin ya tsaya. To a nan aikatau ne, ma'anarsa ka zauna a yadda kake, ka ci gaba da zama da tabbaci, daga kalmar Faransanci "rester" ya samo asali, wadda 'yan uwanmu na Nijar suka sani sarai. Ka ga idan ka ce "be rest" ka jera aikatau biyu ke nan a wuri ɗaya, kamar mutum ya ce "ka kasance zauna lafiya", kowa zai gane amma kunne ba ya so.

Sai ka zaɓi ɗaya. Ko ka rubuta "Rest assured, your goods are safe", ko "Be assured that your goods are safe", wannan na biyun ya fi kama da takardar ofis. Ni don kwastoma na fi son "You can rest assured that your goods will arrive safe and sound", ya fi laushi, kuma "safe and sound" ɗin na nufin kaya su isa lafiya lau ba abin da ya taɓa su.

Sannan a kula da "d" ɗin ƙarshe, ina yawan ganin "rest assure", shi ma kuskure ne. Batun kowa na faɗa kuwa gaskiya ne, a Najeriya har manya masu manyan digiri na faɗa a gaban makirfo, amma dai in takarda za ka rubuta wa banki ko wani kamfani a waje, cire "be" ɗin nan.