Amsa ga Alhaji kan supakondansata (an rubuta muryar saboda masu ƙarancin data)

Salamu alaikum jama'a. Alhaji na saurari muryarka, wai supakondansatan nan (abin ajiye wutar lantarki mai saurin ɗauka da saukewa) guda shida a jere da kake son haɗawa da batirin motarka, mai shago ya ce maka ba ya mutuwa. To bai yi ƙarya duka ba, rabin zancen ya ba ka. In caji da saukewa ne kam yana jure wajen sau 500,000, batiri ko kusa bai kai haka ba. Amma shi ba yawan aiki ke kashe shi ba, zafi ne da yawan tansiyon, wato volt (V).

Ka duba takardarsa, yawancinsu 2.7V ne kowane ɗaya, kuma za ka ga an rubuta kamar awa 1,000 a zafin 65°C in yana cike, wato kwana arba'in da ɗan wani abu ke nan fa, ka gane ko. Lissafin da ake yi, duk digiri 10 da ka rage, kwanansa ya ninka. To mu nan Garwa a watan Maris da Afrilu inuwa ma tana wuce 40, ina ga cikin kapo kusa da injin? Don Allah kar ka ɗaure shi can, nemo masa wuri a ƙarƙashin kujera, da waya mai kauri da fiyus.

Abin da zai cece ka shi ne alternata na ba da 14.4V, raba shida, 2.4V kowanne, ƙasa da iyakarsa, wannan ragin yana ƙara masa kwana sosai. Sai dai fa in akwai allon nan mai daidaita su a jiki, in babu, ɗaya zai sha fiye da 'yan'uwansa ya haura 2.7 ya kumbura, kai kuma kana auna jimla kana cewa lafiya lau. Saboda haka ɗai-ɗai ake aunawa da multimeta, injin na aiki.

Kuma ba ya mutuwa farat ɗaya, tsufa yake, masu ƙera shi suna ɗaukar ya gama in ƙarfinsa ya ragu da kashi 20 zuwa 30 ko turjiyar cikinsa ta ninka. Kai abin da za ka gani: demare, wato sitata, ya fara nauyi, kan supakondansatan ya yi tozo, ko farin gari a bakin ƙafafun. Ka cika shi ka cire ka bar shi ya kwana, wanda ya fi zubewa da safe shi ne mara lafiyar.

Af, kar ka jona shi fanko kai tsaye, tartsatsin sai ya narka kan waya, sa kwan fitilar mota a tsakani har ya dushe tukuna. Kuma ba ya maye gurbin batiri Alhaji, 500F (F shi ne farad, awon yawan cajin da yake ɗauka) shida a jere 83F suke komawa, wutar ciki ba ta kai 3Wh ba, tura injin kawai yake. In motar na yin sati a ajiye ma cire shi, yana tsotsar batirin a hankali.